Aninai Bakwai da Zaren Wanzami

Tun da na ajiye aiki na dawo Tambuwal, babu abin da kunnena bai ji ba a kan bencin nan na ƙofar gida. Wai aikinmu na ɗakin tiyata danna-danna ne. Wai na'ura ce ke gani, ita ce ke nunawa, mu kuwa muna tsaye cikin koren kaya muna jiran a tashi. Jiya ma ɗan ƙanena, wanda ya yi wata shida yana koyon kwamfuta har ya fara gyara wa liman magana, ya ce min wayarsa tana gane fuskarsa ko da ya sa hula, to ina abin wahala a haɗa hoto da kan mutum? Madalla da ilimi. Ku matso ku zauna. Tunda kun riga kun san komai, ba zan ɓata muku lokaci da yawa ba.

Ga yadda aikin yake, don wanda bai kai ɗan ƙanena sani ba. Likita zai shiga cikin kan mutum ya ciro ƙarin da wani lokaci bai fi gujiya girma ba. Ƙwaƙwalwa kuwa ba buhun gero ba ce da za a zura hannu a yi ta lalube. Saboda haka kwana ɗaya kafin aiki ake ɗaukar hoton sikanin, wanda ke nuna cikin kai yanka-yanka. Ranar aiki a kwantar da mutum, a damƙe kansa da wani ƙarfe mai haƙori uku don kada ya motsa, a tsayar da kyamara mai ido biyu a gefe tana kallo. Nawa aikin shi ne in sa hoton jiya ya hau kan mutumin yau daidai wa daida, ta yadda duk inda likita ya ɗora tsinkensa a kan, allo zai nuna masa wurin a cikin hoton. In na daidaita, likita ya san inda yake taka ƙafa. In na kauce da faɗin yatsa ɗaya, allon zai ci gaba da nuna masa hanya cikin natsuwa da kwarjini, shi kuma ya bi, don ba shi da dalilin ƙin bi.

Ba da wannan na fara ba. Na fara da hoton ƙashi a wani ƙaramin asibiti, a hannun wani dattijo Banufe da muke kira Baba Ndagi. Ɗaki ne mai duhu da jan ƙwan lantarki guda ɗaya, da ruwan wanke fim mai warin da ke bin mutum har gida, ya kuma mayar da farce ruwan goro. Hoton farko da ya bari na ɗauka ni kaɗai na wani mutumin Dogon Daji ne da sa ya take masa ƙafa. Na ɗauka, na wanke, na shanya, ya fito tas, har 'yan ƙananan ƙasusuwan yatsu ana ƙirgawa. Na kai masa ina tafe ina hura hanci. Ya ɗaga fim ɗin a hasken taga, ya ce wace ƙafa ce. Na ce ta dama. Ya juya bayan fim ɗin ya sake ɗagawa, ya ce yanzu fa? Ta koma ta hagu. Na manta ban ajiye ɗan harafin dalma da ake sawa a gefe don ya nuna dama ko hagu ba. Bai zage ni ba. Cewa ya yi in je in nemo mai ƙafar. Na tarar da mutumin a tasha ya riga ya shiga mota, na yi ta ba shi haƙuri a gaban fasinjoji har ya sauko yana ɗingishi yana tsine wa asibiti. Da muka gama, Baba Ndagi ya ce min, "Fim ba ya ƙarya, amma wawa ne. Bai san wanda aka ɗauka ba. Kai za ka taɓa mutum ka gaya masa." Na ji maganar, na riƙe ta shekaru masu yawa, har na riƙa maimaita ta ga na bayana kamar ni na ƙago ta.

Bayan an mayar da ni wani babban asibiti a birni, furfura ta riga ta fara min sallama, sai ga na'urar nan an kawo cikin akwatuna. Aka turo wani Bature ya koya mana mako biyu. Da kan roba ya koya mana. Kan roba kuwa majinyaci ne na gari: ba ya gumi, ba ya susa, ba ya alwala, kuma ba shi da dangi masu zuwa dubiya. Ya nuna mana wasu 'yan liƙe-liƙe zagayayyu masu rami a tsakiya, waɗanda ake manna wa mutum a kai kafin sikanin don su fito a hoto. Tun ranar muka raɗa musu aninai, don ba su da maraba da aninin da, kuɗin nan mai huji a tsakiya. A ɗakin tiyata sai ka ɗauki tsinke mai ƙwallaye masu ƙyalli, waɗanda kyamara ke gani, ka taɓa ramin kowane anini ɗaya bayan ɗaya. Na'ura ta haɗa aninan kai da aninan hoto, ta ba ka lamba. In lambar ƙarama ce ta yi kore, an dace. In babba ce ta yi ja, ka sake. Daga ƙarshe Baturen ya ce ko ta yi kore kada a yarda, a ɗora tsinke a kan tsinin hanci, da gefen ido, da gaban kunne, a ga ko allo ya nuna wuraren. Na yi dariya a zuci. Mutum ya hawo jirgi daga ƙasarsu don ya gaya min abin da Banufe ya gaya min kyauta. Ku lura da wannan: sau biyu aka koya min.

Kayan aikin nan da kuke gani a hotunan waya suna walƙiya, kowanne da halinsa. Ɗigon jini ɗaya a kan ƙwallon tsinke ya isa ya makantar da kyamara. Hasken rana ta taga yana ruɗa ta. Ɗaliban likitanci kuwa Allah ya hore musu baiwar tsayawa daidai tsakanin kyamara da kan majinyaci, ko ɗakin ya kai filin idi faɗi. In an ɗauke wuta kafin janareta ya kama, na'urar takan manta duk abin da ka gaya mata, ka koma farko, likita yana tsaye da hannuwa a sama yana kallonka kamar kai ka tsinke wayar. Su kuma masu kan, kowa da nasa. Na yi fama da wata tsohuwa da ta ce ba za a tsefe kitson da jikarta ta yi mata ba. Na yi fama da masu shafar kai wajen alwala su kwashe min aninai biyu a tafi ɗaya. Daga nan na koyi zagaye kowane anini da tawada, in ya faɗi a san mazauninsa. Na ɗauka na gama sanin duk hanyar da ɗan Adam zai bi ya ɓata min aiki.

Sai aka kawo Malam Mode daga Fakku, can ƙasar Kebbe. Manomi ne mai 'yan shanu, ya ba hamsin baya, dogo, mai ƙaton tafin hannu irin na wanda ya tashi da igiya da garma. Farfaɗiya ce ta same shi da girma, ta kayar da shi a gona sau biyu, na uku a bakin rijiya. Sikanin ya nuna ƙari a ɓangaren hagu, ƙarami, amma a maƙale kusa da wurin da ke juya hannun dama. Babban likitanmu, wanda duk muke kira Oga, ya nuna min a allo. Ya ce akwai 'yar hanya ta baya da za a bi a ciro shi lafiya, amma in aka matsa gaba da faɗin yatsa, hannun mutumin ne. Ya ce irin wannan aikin aka sayo na'urar dominsa.

Da Malam Mode ya ji ni mutumin Tambuwal ne sai ya saki jiki, muka yi ta gaisawa da tambayar mutanen da shi bai sani ba ni ma ban sani ba. Amma da ma'aikaciyar jinya ta zo da reza, sai ya dafe kai da hannu biyu.

"Malam Umaru," ya ce min, "kan ga nau, tun askin suna gidan Labbo wanzami ɗai ka taɓa shi. Ubanai ya aske ni ina jinjiri, shi kau yag gada. Ba ni ba wata ɗiya mai reza kaina."

Na ce to ba aski za a yi ba, 'yan wurare ne zan share da kaina in liƙa aninai. Ya yarda da ƙyar, wai don ni na gida ne. Na share wuri bakwai, huɗu a gefe uku a sama, na manna, na zagaye da tawada, aka shiga da shi sikanin aka fito. Wani ɗansa ya miƙa masa waya ya duba kansa. Ya daɗe yana kallo.

"Yanzu haka za ni gaban likita, kamar mai makero? In kau ajali na, haka za ni gaban Ubangiji?"

Na yi dariya, na ce Ubangiji ya ga kawunan da suka fi wannan muni. Na gargaɗe shi kada ya jiƙa kan, kada ya sosa, na kama hanyar gida. Ni da aka haifa a garin nan, na ga yadda dattijo ba ya zuwa ko ɗaurin aure sai wanzami ya bi ta kansa, na ji wannan magana da kunnena, na ɗauke ta raha.

Da safe aka gungaro shi ɗakin tiyata, aka sa shi barci, aka cire hular da ke kansa. Kai ya fito fes yana ɗaukar ido kamar sabuwar ƙwarya, babu gashi ko ɗaya, babu ƙwarzane ko ɗaya. Na ce a raina ashe ma'aikatan ɗakin kwanciya sun iya aski haka suke ɓoyewa. Aninai bakwai suna zaune cif. Tawadar da na zagaye su da ita babu ita, na gani da idona, na ce wajen wanke kan ta fita. Na ɗauki tsinke na taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Na'ura ta yi ɗan tunaninta, ta fito da lambar da ban taɓa samun mai kyanta ba tun da na fara, koriya shar. Wani ƙaramin likita ya ce, "Baba, yau kam ka ci gasa." Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba, kaina ya yi girma. Oga ya ɗago ya ce, "Umaru, mun shirya?" Hancin Malam Mode yana nan a buɗe, ba a rufa masa ƙyalle ba tukuna, tsakaninsa da hannuna bai kai kamu ɗaya ba. Taɓa shi ba zai ɗauki lokacin da mutum ke atishawa ba. Na ce, "Mun shirya, yallaɓai."

Aka buɗe ƙashi, Oga ya bi inda allo ya nuna masa, a hankali, yadda ya saba. Can allon ya ce tsinke yana tsakiyar ƙarin. Oga ya leƙa madubinsa ya ga lafiyayyar ƙwaƙwalwa. Ya ɗan ƙara shiga, allon yana ta ba shi tabbaci. Sai ya tsaya.

"Umaru, ina abin?"

Na nuna masa allo, kamar allon zai tsaya min shaida. Bai ko kalla ba. Ya ce a kawo masa na'urar nan irin ta duba masu ciki, ya ɗora ƙaramin kanta a wurin, ya lalubo da idonsa da shekarunsa na aiki. Ga ƙarin can a baya, faɗin yatsa ɗaya daga inda muka shiga. Ya ciro shi duka, ya rufe, ya cire safar hannu ya fita. Ashe kallon kitse na yi wa rogo.

Malam Mode ya farka, ya gane 'ya'yansa, ya yi salati da bakinsa. Oga ya sa yatsu biyu a tafin hannunsa na dama ya ce ya matse. Ƙaton hannun nan ya kwanta a kan zanen gado bai ce komai ba. Aka ce a ba shi kwanaki, wataƙila kumburi ne.

Na fito waje ina neman iska, sai na tarar da 'yan dubiyarsa sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Wani tsoho siriri mai zabira a kafaɗa ya taso da fara'arsa ya kama hannuna.

"Kai na ɗan Tambuwal da yal liƙa aninai? Ni na Labbo. Liƙinka ya yi kyau, amma askin ga naka, Allah shi kyauta. Na iske kan Mode kamar awaki sun yi kiwo bisa."

Na ce shi ya aske shi?

"Wa kau? Jiya da la'asar munka iso. Amma kwantar da hankalinka, ban ɓata maka aiki ba, ni ma mai sana'a na." Ya zura hannu a zabira ya ciro wani farin zare mai ƙulle-ƙulle. "Kahin in cire su sai da na auna tsakanin kowane da ɗan'uwanai, nay yi ƙulli. Fuɗu ga gefe, ukku bisa. Nay yi aski, naw wanke, nam maishe su, har ƙaro na ɗan sa masu don su kama. Ko tsinin allura ba su kauce ma juna ba."

Na ce na farkon fa, wanda ya fara mayarwa, daga ina ya auno shi?

"Na farko? Ido nas sa. Shekara nawa nika ganin kan ga?"

Gaskiya ya faɗa, ba su kauce wa juna ba. Duka bakwai ɗin suka tashi tare suka matsa wajen goshi, kamar a kwashe duwatsun iyakar gona gaba ɗaya a ajiye su taki ɗaya cikin gonar maƙwabci. Na'ura kuwa ba ta san Malam Mode ba, ba ta san goshi ba, ba ta san ƙeya ba. Aninai bakwai ta sani da tazarar da ke tsakaninsu, ita kuma tazarar Labbo ya kiyaye mata fiye da yadda ni nake kiyayewa. Lambar da aka yi min kirari a kanta ma tasa ce. Na ce masa sannu da ƙoƙari. Me zan ce?

Aka kafa kwamiti, don asibiti ba ya rasa kwamiti ko ya rasa auduga. Suka shimfiɗa min hanyar fita har da tabarma: a rubuta cewa wani wanzamin ƙauye ya shigo ya taɓa kayan aiki ba da izini ba. Wani ma cewa ya yi a kira 'yan sanda. Kuma ba ƙarya ba ce, haka aka yi. Na so in bi hanyar nan, na so ƙwarai. Shekara da shekaru ina ɗaga fim ɗin yara a hasken taga ina nuna musu kuskurensu, yau ga nawa an ɗaga, kuma wanzami ba ya son jarfa. Sai Oga, wanda bai yi magana ba tun da aka zauna, ya ce tambaya ɗaya gare shi.

"Ka taɓa hanci?"

Na ce ban taɓa ba. Kada ku ɗauka jarumta ce. Mutum biyar ne a ɗakin ranar, duk da idanunsu. Oga ya ce to a bar wanzami ya koma garinsu, shi ba a taɓa koya masa taɓa hanci ba.

Shekara guda aka mayar da ni hoton ƙirji. Ja numfashi, riƙe, saki. Na gaba. Ja numfashi, riƙe, saki. Da furfurata, ina layi ɗaya da yaran da na koya wa riƙe kaset ɗin fim. Wannan bai dame ni ba kamar na'urar, wadda aka lulluɓe da zanen gado aka tura lungu, don ba wanda ya iya ta sai ni. Duk wanda aka kawo a shekarar nan da ƙari a wuri mai wuya, ko a yi masa yadda ake yi a da, ko a ce da danginsa su nemi wani gari mai nisa, su kuwa yawanci gida suke mayar da shi. Ta gaban ɗakina ake wucewa da su. Ban taɓa ƙirga su ba, kuma da gangan na ƙi ƙirgawa.

Da damina ta tsaya na ɗauki hutu na tafi Fakku. Mota ta ajiye ni Kebbe, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni cikin taɓo. Na sami Malam Mode a bakin gona zaune a kan kututture, 'ya'yansa na bin shanun huɗa, yana yi musu faɗa daga nesa kan kunyar da ta karkace. Ya yi ƙiba kaɗan. Hannun yana kan cinyarsa, yatsun sun lanƙwashe ciki. Aka kawo fura, ya ɗauki ludayi da hagu yana cewa Allah ya gafarta masa. Na kasa sha. Na gaya masa komai tun daga tawada har hanci, ban rage ba, ban ƙara ba. Ya bi shanun da kallo har suka kai ƙarshen kunya suka juyo.

"Labbo ya sani?"

Na ce bai sani ba.

"To a bar kaza cikin gashinta. Ni naƙ ƙira shi, kuma abin da yas sani shi yay yi. In yaj ji wagga magana hannunai rawa za shi riƙa yi, kuma wuyana na ƙarƙashin askatai duk Juma'a."

Na yi dariyar da ban shirya ba, hawaye na biye da ita. Ya ce faɗuwar ta bar shi, tun da aka yi aikin ko sau ɗaya bai faɗi ba, ya gode Allah ya gode likita. Na fara jin sauƙi. Sai ya juyo ya dube ni sosai.

"Amma kai, Malam Umaru. Bature bai san wanzami ba, na yarda. Injin bai sani ba. Kai ɗan Tambuwal na. Ka san ba a zuwa gaban babba da kai haka. Mi yah hana ka ce a ƙira Labbo tukuna, kannan ka liƙa abinka?"

Kwamiti ya yi zama uku a kaina bai yi min tambayar da ta kai wannan ba.

Da aka mayar da ni ɗakin tiyata na zo da dokoki biyu da babu su a littafin na'ura. Ta farko, duk namijin da za a liƙa wa aninai sai na tambaye shi wa ke masa aski. In ya ce yana da wanzami, a kira shi, ya zo da zabirarsa ya yi aikinsa a tsanake, a ba shi ruwa ya sha, sannan ni in liƙa. Ma'aikatan jinya suka ce na mayar musu da ɗaki rumfar kasuwa. Ta biyu, ko lambar ta yi koren da ya fi ganyen rama, sai na taɓa hanci, na taɓa gefen ido, na taɓa gaban kunne, ina faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Ƙananan likitoci suka sa min suna Baba Hanci, suna kwaikwayona a wajen shan shayi. Sau biyu bayan haka hancin ya ƙaryata koriyar lamba, kuma a ranakun ban ji mai kwaikwayo ba.

Kafin in bar aiki an kawo sabuwar na'ura wadda ba ta bukatar aninai, fuskar mutum take sharewa da haske ta haɗa da hoto. Yaran suka ce shi ke nan, zamanin Baba Hanci ya wuce. Haka ne. Sai dai fuska tana kumbura cikin dare ɗaya, filastar da ke riƙe bututun numfashi tana jan kumatu gefe, kuma mutum yana iya shiga sikanin da gemu ya zo tiyata babu shi. Na bar su da sabuwar na'urarsu da tsohon hancina, ban san wanda suka riƙe ba.

Labbo yana nan da ransa, ya tsufa tukuf amma hannunsa ba ya rawa. Duk ranar kasuwar Kebbe yana rumfarsa, kuma duk wanda ya zauna a gabansa sai ya ji labarin yadda ya taimaki likitocin birni da zare, har ya ciro zaren ya nuna. In ina wurin yakan ce ga shaida nan, a tambaye ni. Ni kuwa in ce haka aka yi, Wanzam, ban taɓa ganin awo irin naka ba. Ba ƙarya nake yi ba.

Kasuwa mai zuwa zan je. Kai mai wayar da ke gane fuska, ka shirya mu tafi tare, ni zan hau gaban mota. Malam Mode ba ya fashin zuwa, kuma ba ya gaisawa da hagu, ya ce bai lalace haka ba. Zai sa hannun hagu ya tallabo na dama, ya ɗago shi ya miƙo maka, yana murmushi yana tambayar mutanen gida. Ka karɓa da kyau, ka matse kai kaɗai, don shi ba zai matse ba. In ka saki, sai ka gaya masa aikin danna-danna ne.